Sharhi: Yadda akwatin imel ya zama ƙofar da ɓarayi ke bi zuwa asusun kamfanoni

A shekarar 2024, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wato FBI, ta karɓi ƙorafe-ƙorafe fiye da 21,000 a kan nau'in damfara guda ɗaya, wadda ake yi wa kamfanoni da ma'aikatu ta hanyar wasiƙun imel na wurin aiki.

Asarar da aka lissafa a waɗannan ƙorafe-ƙorafe ta kai kimanin dala biliyan 2 da miliyan 770. A shekarar 2023 kuwa ta haura dala biliyan 2 da miliyan 900.

Hukumar ta ce tsakanin watan Oktoban 2013 da Disamban 2023, kuɗin da aka sace ko aka yi yunƙurin sacewa ta wannan hanya ya zarce dala biliyan 55, kuma an samu rahoton aukuwar lamarin daga ƙasashe 186.

Wannan damfara ba ta cika jan hankalin kafofin watsa labarai ba kamar harin nan da ake kulle kwamfutocin asibiti ko na kamfanin mai, a nemi kuɗin fansa. Amma a ƙididdigar FBI ta 2023, asarar da aka kai mata rahoto daga harin neman fansa ba ta cika dala miliyan 60 ba, ko da yake hukumar da kanta ta ce adadin bai haɗa da cinikin da ya tsaya da kuɗin gyara ba.

Dalilin yawan asarar a fili yake. Akwatin imel na babban jami'in kuɗi tamkar ɗakin ajiyar kamfani ne: a nan yarjeniyoyi suke, da takardun neman biyan kuɗi, da sunayen abokan ciniki, da lokutan tafiye-tafiyen shugabanni. Ta nan ne kuma ake sabunta kalmar sirrin kusan duk wani asusun da mutum ke da shi a intanet.

Darasin kamfanin Unatrac

Shari'ar da ta fi fito da yadda ake wannan aika-aika ita ce ta Obinwanne Okeke, ɗan kasuwar nan ɗan Najeriya da aka fi sani da Invictus Obi, wanda mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sanya shi cikin jerin matasan 'yan kasuwa masu tasowa a 2016.

Takardun da FBI ta gabatar wa kotu sun nuna cewa a farkon watan Afrilun 2018, babban jami'in kuɗi na Unatrac, wani kamfani da ke Birtaniya mai sayar da manyan injinan Caterpillar zuwa ƙasashen waje, ya samu wata wasiƙa da ta kai shi wani shafi mai kama da na Microsoft Office 365. Ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa. Shafin na bogi ne.

Cikin kimanin makonni biyu, an shiga akwatin jami'in sau fiye da 460, akasari daga kwamfutocin da ke Najeriya. Masu kutsen ba su yi gaggawa ba. Sun kwashi tambarin kamfanin da samfurin takardunsa na neman biya, suka ga yadda yake rubuta wa ma'aikatansa.

Sai kuma suka yi abin da ya zama al'ada a irin wannan damfara: suka kafa wasu ƙa'idoji a cikin akwatin, ta yadda duk wasiƙar da ta fito daga sashen kuɗi za ta wuce kai tsaye zuwa wata kusurwa, a nuna kamar an riga an karanta ta. Idan akanta ya rubuto yana tambayar gaskiyar wani umarni, ɓarawo ne zai gani, shi ne kuma zai amsa.

Tsakanin ranar 11 da 19 ga watan, an aika umarnin biyan kuɗi kusan 15 da sunan jami'in. Ma'aikata suka biya, domin wasiƙun daga ainihin akwatin maigidansu suka fito. Kusan dala miliyan 11 suka salwanta.

An kama Okeke a filin jirgin sama na Dulles a watan Agustan 2019, ya amsa laifinsa, kuma a watan Fabrairun 2021 wata kotu a jihar Virginia ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 10.

Abin lura a nan shi ne babu wata na'ura da aka fasa. Duk wani katangar tsaro da kamfanin ya gina tana nan daram, domin ta ƙofa aka shiga, da mabuɗin da mai gida ya miƙa da hannunsa.

Wasiƙar da ba ta tambayar mai aikowa

Wani ɓangare na matsalar tun daga tushe yake. Ƙa'idar da kwamfutoci ke bi wajen miƙa wa juna wasiƙu, wadda ake kira SMTP, an rubuta ta ne a 1982, lokacin da masu amfani da hanyar ba su wuce malaman jami'o'i da cibiyoyin bincike da suka san juna ba. Ba a tanadi hanyar tantance mai aikowa ba. Kamar yadda mutum zai iya rubuta sunan kowa a bayan ambulan ya jefa a gidan waya, haka abin yake.

Daga baya aka ɗora wasu matakai uku a kai, SPF da DKIM da kuma DMARC wanda ya zo a 2012. A taƙaice, suna ba kamfani damar shelanta wa duniya kwamfutocin da ya yarda su aika wasiƙa da sunansa, ya sanya wa kowace wasiƙa hatimin da ba a iya kwaikwayo, sannan ya faɗi abin da za a yi da wadda ta zo ba hatimi. Daga watan Fabrairun 2024, Google da Yahoo suka wajabta waɗannan matakai a kan masu aika wasiƙu da yawa.

Sai dai hatimin na kare sunan kamfani ne harafi da harafi. Wanda ya yi rajistar wani suna da ya sauya harafi ɗaya a ciki, ko ya sa lamba 1 a gurbin harafin l, wasiƙarsa za ta wuce, da nata hatimin na halal. Haka nan babu abin da hatimi zai yi idan daga cikin akwati na gaskiya aka rubuto, kamar yadda ya faru a Unatrac.

Manyan kamfanonin fasaha ma ba su tsira ba. Tsakanin 2013 da 2015, wani ɗan ƙasar Lithuaniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya yi rajistar kamfani a Latviya da suna iri ɗaya da na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke ƙera wa Google da Facebook kayan aiki. Ya riƙa aika musu takardun neman biya na jabu, da yarjeniyoyi masu ɗauke da sa hannu da tambarin ƙarya. Kamfanonin biyu sun biya shi fiye da dala miliyan 100 kafin asiri ya tonu. An ɗaure shi shekara biyar a Amurka a watan Disamban 2019.

Harafi ɗaya kan yi ɓarna ko da babu ɓarawo. A 2023 jaridar Financial Times ta bayyana cewa wasiƙu masu ɗimbin yawa da aka nufi rundunar sojin Amurka da su sun shafe shekaru suna faɗawa ƙasar Mali, saboda adireshin sojin na ƙarewa da .mil, na Mali kuma da .ml.

Idan mai gadi ya yi barci

An saba ɗora laifin irin wannan asara a kan ma'aikacin da ya latsa abin da bai kamata ba. Abubuwan da suka faru daga 2021 zuwa 2025 sun nuna cewa kamfanonin da duniya ta damƙa wa amanar wasiƙunta su ma suna da nasu kason.

Ranar 2 ga watan Maris na 2021, Microsoft ya sanar da cewa an gano ɓaraka huɗu a manhajarsa ta Exchange, wadda ma'aikatu ke ɗorawa a kan manyan kwamfutocinsu domin sarrafa wasiƙu. Ya ce wani gungun masu kutse da ke ƙasar Sin, wanda ya laƙaba wa suna Hafnium, yana amfani da su.

Fitar da maganin ya zama tamkar busa ƙaho. Cikin 'yan kwanaki wasu gungun suka yi rububin shiga duk kwamfutar da ba a gyara ba, kuma an ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai abin ya shafi ma'aikatu aƙalla 30,000, yawancinsu ƙananan kamfanoni da ƙananan hukumomi da ba su da ƙwararrun da za su yi gyaran cikin dare. Majalisar dokokin Norway da hukumar kula da bankuna ta Tarayyar Turai na cikin waɗanda abin ya rutsa da su.

Har ta kai a watan Afrilun shekarar FBI ta nemi izinin kotu, ta shiga ɗaruruwan kwamfutoci masu zaman kansu ta goge ƙofofin ɓoye da masu kutsen suka bari, ba tare da ta fara neman yardar masu su ba. A watan Yuli Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai da ƙungiyar tsaro ta NATO suka nuna wa Sin yatsa. Gwamnatin Sin ta musanta.

Shawarar da aka riƙa bayarwa bayan wannan ita ce kowa ya daina riƙe wasiƙunsa a gida, ya mayar da su rumbunan Microsoft ko na Google, inda ake da ƙwararru dare da rana. Shawarar na da hujja. Amma shekara biyu bayan haka aka ga iyakarta.

A tsakiyar 2023, wani gungun da Microsoft ya kira Storm-0558, wanda shi ma aka danganta da Sin, ya mallaki wani mabuɗin sirri na kamfanin da aka ƙirƙira tun 2016, ya riƙa buga wa kansa takardar izinin shiga akwatunan mutane. An karanta wasiƙun ma'aikatu 22 da mutane fiye da 500, ciki har da sakatariyar kasuwancin Amurka ta lokacin, Gina Raimondo, da jakadan ƙasar a Beijing, Nicholas Burns. Daga ma'aikatar harkokin waje kaɗai an kwashi wasiƙu kimanin 60,000.

A wannan karo babu ma'aikacin da ya yi kuskure. Ba kuma Microsoft ne ya gano ɓarnar ba. Ma'aikatar harkokin wajen ce ta lura, domin ta biya kuɗin wani tsari mai tsada da ke ajiye bayanin duk wanda ya buɗe wasiƙa. Waɗanda suka sayi tsari mai arha ba su da hanyar sanin an shiga musu gida. Bayan suka mai zafi, kamfanin ya amince ya ba da waɗannan bayanai ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Kwamitin da gwamnatin Amurka ta kafa domin bin diddigin manyan hare-haren intanet ya fitar da rahoto a watan Afrilun 2024, inda ya ce da an iya kauce wa kutsen, kuma al'adar tsaro a Microsoft ta gaza, tana bukatar garambawul. A watan Janairun 2025, bayan sauyin gwamnati, aka sallami membobin kwamitin.

Kafin ma rahoton ya fito, Microsoft ya sanar a watan Janairun 2024 cewa masu kutsen da ke da alaƙa da hukumar leƙen asirin Rasha sun karanta wasiƙun wasu manyan shugabanninsa. Ta wani tsohon asusun gwaji suka shiga, wanda aka manta da shi, ba a kuma sanya masa mataki na biyu na tantancewa ba.

A watan Yulin 2025 kuma aka sake maimaita labarin 2021, wannan karo da manhajar SharePoint da ma'aikatu ke ajiye takardun aiki a ciki. Ɗaruruwan ma'aikatu abin ya shafa, har da hukumar da ke kula da makaman nukiliyar Amurka.

Ke nan wanda ya riƙe wasiƙunsa a gida yana tsere ne da masu kutse duk lokacin da aka gano ɓaraka, wanda kuma ya ba da ajiya ya dogara ga mai gadin da ba ya iya bincikarsa. Ga ƙaramin kamfani, ba da ajiyar ya fi sauƙin haɗari. Tambayar da har yanzu gwamnatoci ba su amsa ba ita ce wane ne zai biya diyya idan mai ajiyar ne ya yi sakaci.

Zaurukan hira na ma'aikata

Tun daga lokacin annobar korona a 2020, wani babban kaso na aikin ofis ya tashi daga imel ya koma manhajojin hira da taro irin su Slack da Teams da Zoom. Ma'aikata sun koyi zargin baƙuwar wasiƙa, amma saƙon da ya shigo zauren da suka ɗauka na 'yan gida ne, da wuya su yi masa tambaya. A nan ake sakin baki, a nan kuma ake liƙa kalmomin sirri domin abokin aiki ya ɗauka.

A watan Satumban 2022, wani mai kutse ya samu kalmar sirrin wani ɗan kwangilar kamfanin Uber. Asusun na da mataki na biyu, wato sai mai shi ya amince a wayarsa. Mai kutsen ya yi ta aika buƙatar amincewa ba ƙaƙƙautawa har mutumin ya gaji ya latsa. Da ya shiga, sai ya yi shela a zauren Slack na kamfanin cewa ya yi musu kutse. Rahotanni sun ce wasu ma'aikatan sun ɗauka wasa ne.

A 2024 aka kwashi bayanai fiye da terabait ɗaya daga zaurukan Slack na kamfanin Disney, bayan wani ma'aikaci ya sauke wata manhajar zana hotuna a kwamfutarsa ta gida, ashe tarko ce. Daga baya kamfanin ya yanke shawarar daina amfani da Slack.

Wanda ya fi tayar da hankalin masu harkar kuɗi shi ne abin da ya samu kamfanin injiniyoyi na Arup a farkon 2024. Wani ma'aikacin sashen kuɗi a ofishin Hong Kong ya samu saƙo da sunan babban jami'in kuɗi da ke Birtaniya, ana maganar wata hada-hada ta sirri. Da farko ya yi zargi, kamar yadda aka koya masa. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya ga jami'in da wasu abokan aikin da ya sani, ya ji muryoyinsu. 'Yan sandan Hong Kong sun ce duk fuskokin da muryoyin na jabu ne, da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa su. Ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25, a kashi 15 zuwa asusu biyar.

Da wannan, tsohuwar alamar da ake gane wasiƙar damfara da ita, wato gurguwar Ingilishi da kurakuran rubutu, ta daina aiki. Gani da ido ma ya daina zama hujja.

Wani lokacin kuma ba a bukatar abokin gaba. A watan Maris na 2025, mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro a lokacin, Mike Waltz, ya saka editan mujallar The Atlantic bisa kuskure a wani zauren Signal da manyan jami'ai ke tattauna harin da za a kai wa 'yan Houthi a Yemen.

Inda Najeriya ta shigo

Sunan Najeriya ya daɗe da haɗuwa da wannan sana'a, tun zamanin wasiƙun 419 da ake aikawa ta gidan waya da fakis. A samamen da hukumomin Amurka suka jagoranta a 2019, daga cikin mutane 281 da aka kama a ƙasashe daban-daban, 167 a Najeriya aka kama su. A watan Nuwamban 2022 aka ɗaure Ramon Abbas, wato Hushpuppi, shekara 11 da wata uku a Amurka, bayan ya amsa laifin haɗa baki wajen halasta kuɗin haram, ciki har da waɗanda aka samu ta damfarar imel.

A watan Satumban 2025, Microsoft ya samu izinin kotu ya ƙwace shafukan intanet 338 na wata ƙungiya mai suna RaccoonO365, wadda ya ce daga Najeriya ake jagorantarta. Sana'arta ita ce ba da hayar shafukan bogi masu kama da na Microsoft ga duk wanda ya biya kuɗin wata. Kamfanin ya ce an saci bayanan shiga aƙalla 5,000 daga ƙasashe 94 ta wannan hanya. Ma'ana, wanda bai san komai game da kwamfuta ba zai iya hayar kayan aiki ya shiga sana'ar.

Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma 'yan kasuwar kirki ne ke ɗanɗana kuɗar, domin wasiƙar da ta fito daga Legas ko Kano kan sha tambayoyin da ba a yi wa ta wasu wurare. Amma kallon Najeriya a matsayin mafitar damfarar kawai na ɓoye rabin labarin. Duk ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sayo kaya daga Guangzhou ko Dubai, yana karɓar lambar asusun da zai biya ta imel ko WhatsApp, yana cikin irin haɗarin da Unatrac ya faɗa. Ba lallai ne ma a shiga akwatinsa ba. Idan aka shiga na mai sayar masa da kaya, wasiƙar da za ta ce an sauya banki za ta zo ne a cikin zaren hirar da suka saba yi.

A Najeriya, WhatsApp ne zauren aikin da yawancin kamfanoni da ƙungiyoyi da ma'aikatu ke amfani da shi a zahiri. Dabarar ƙwace shi sananniya ce: a kira mutum a ce daga wata ƙungiyar da yake ciki ne, za a yi taro ta intanet, ya karanto lambobi shida da aka turo masa. Da ya karanto, asusun ya tafi, sai a shiga neman rance da sunansa.

A ɓangaren gwamnati kuma, a 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu yin aikin hukuma da adireshin gwamnati mai ƙarewa da .gov.ng. Hikimar ita ce wasiƙar da aka aika ta akwatin Gmail ko Yahoo na wani jami'i ba ta ƙarƙashin kulawar kowa, kuma ranar da ya yi ritaya da ita zai tafi.

Abin da ke aiki

Mataki na biyu na tantancewa shi ne mafi arha, kuma Microsoft na cewa yana toshe fiye da kashi 99 cikin 100 na yunƙurin ƙwace asusu. Sai dai matakan ba ɗaya suke ba. Lambar da ake turowa ta saƙon waya na iya faɗawa hannun wanda ya yi wa mutum sauyin layi, kuma shafukan bogi na zamani kan tsaya a tsakani, su karɓi kalmar sirri da lambar, su miƙa wa shafi na gaskiya nan take, su riƙe izinin shigar.

Abin da ya fi tsayawa shi ne ɗan mabuɗin da ake sokawa a kwamfuta, ko makamancinsa da ke cikin waya, domin shi yana duba adireshin shafin da kansa, ba ya kuma buɗe wa na bogi. Google ya ce bayan ya wajabta wa ma'aikatansa fiye da 85,000 amfani da irin wannan mabuɗi a 2017, an shafe fiye da shekara ba a tabbatar da ƙwace asusun ko mutum ɗaya ta hanyar yaudara ba.

Amma matakin da zai iya hana asarar Unatrac da ta Arup ba na fasaha ba ne. Ƙa'ida ce ta ofis: duk lokacin da aka ce an sauya lambar asusu, ko aka nemi biyan gaggawa, a kira mutumin ta lambar wayar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin wasiƙar ba, kuma kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai nema shi ne mai amincewa.

Rubuta wannan ƙa'ida abu ne mai sauƙi. Wuyar tana wajen aiki da ita. Masu damfarar sun san cewa a ofisoshi da yawa, ƙaramin akanta ba ya iya ɗaga waya ya ce, ranka ya daɗe, kai ne ka turo wannan umarni? Shi ya sa kusan kowace wasiƙarsu ke ɗauke da abu uku: sunan babba, da gaggawa, da gargaɗin kada a faɗa wa kowa. A wurin da ladabi ga na gaba ke da ƙarfi, kamar ofisoshinmu na Afirka ta Yamma, sai shugaba ya faɗa da bakinsa cewa a riƙa tambayarsa, ya kuma nuna bai ji haushi ba ranar da aka tambaye shi, sannan ƙa'idar za ta rayu.

Haka abin yake ga ma'aikacin da ya riga ya latsa tarko. Idan ya san kora ce ke jiransa, zai yi shiru, alhali a wannan harka sa'o'i ne ke raba asara da tsira. FBI na da wani sashe da ta kafa a 2018 domin tuntuɓar bankuna su tsayar da kuɗi kafin a kwashe. A 2023 sashen ya yi nasarar riƙe kimanin dala miliyan 538 daga cikin miliyan 758 da ya bi sawu, wato kashi 71 cikin 100. Waɗannan su ne waɗanda suka kai ƙara da wuri.

A Najeriya, gyaran da aka yi wa dokar laifukan intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ma ta ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar NDPC idan aka saci bayanan da ka iya cutar da mutane. Abin da doka ba ta iya cirewa ba shi ne tsoron zubewar mutunci, wanda ke sa kamfanoni a ko'ina cikin duniya su gwammace haɗiye asara. Saboda haka ƙididdigar FBI ma ta waɗanda suka yi magana ce kawai.

Akwai kuma aikin da ba ya ƙarewa, na rufe asusun wanda ya bar aiki, da duba ƙa'idojin da aka kafa a akwatunan manyan jami'ai, da sabunta manhaja. Ranar 14 ga watan Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Exchange na 2016 da na 2019, in ban da ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya biya. Makonni biyu bayan haka, hukumar tsaron intanet ta Jamus ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na kwamfutocin Exchange kimanin 33,000 da ta gani a buɗe ga intanet a ƙasar, suna kan waɗannan tsofaffin manhajoji ne ko waɗanda suka girme su, ciki har da na asibitoci da makarantu da ƙananan hukumomi.